Yawun Bakin Tela

Teloli uku ne a layinmu, amma in aka ce "Tela" ba a ƙara komai ba, mutum ɗaya ake nufi: mai ɗan shagon nan da ke manne da na mai gyaran agogo. A bayan idonsa Rediyo ake ce masa. A gaban idonsa ma Rediyo ake ce masa, don ba ya jin haushi. Cewa yake yi ita rediyo sai an sa mata batir, shi kuwa tun da aka kunna shi ranar haihuwa ba a samu mai kashewa ba.

Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Keken ɗinki a bakin ƙofa, teburin yanka da almakashi ya cinye wa gefe, dutsen guga, benci ɗaya na masu jira wanda masu hira suka ƙwace, sai wani babban gwangwanin madara cike da maɓallai a kan kanta. Yana saurayi ya shigo layin da keken da maigidansa ya bar masa. A nan ya yi aure, a nan aka haifa masa 'ya'ya huɗu. Uku sun yi nisa wajen neman abinci, Auta ce kaɗai a kusa, tana koyarwa a wata firamare.

Ba ɗinkin sabon kaya ne ya fito da shi ba. Gaskiya ma in ya ɗinka maka wando, wani lokacin ƙafa ɗaya kan ɗara ɗaya tsawo, in ka yi magana ya ce ƙafarka ce ba daidai ba. Gyara ne aikinsa. Rigarka ta yage, ko guga ta ƙona ta, ko ƙusa ta kama ta, kawo masa. Zai zaro zare daga cikin kalmasar rigar, ya ɗauki siririyar allura, ya saƙa wurin sili-sili, ka dawo ka yi ta juya rigar kana neman inda aka gyara ka rasa. Har daga wasu unguwanni ake zuwa masa saboda wannan.

To wannan aikin kuwa, in ba ka sani ba, da yawu ake yin sa. Zai ja bakin zare ta tsakanin leɓɓansa, ya murza da yatsu biyu, ya zura a kafar allura bai ko dakata da labarin da yake bayarwa ba. Zai lashi yatsa ya taɓa dutsen guga, in ya ce cuu to ya yi zafi. Zai lashi babban yatsa ya kwantar da zaren da ya ɗago. Ga fil uku ko huɗu a gefen baki, maganar na fita ta ɗaya gefen. In ruwan famfo ya ɗauke mana, ko mai shara ya yi sati bai leƙo ba, shi ake turawa ya yi magana da yawun layi gaba ɗaya. Matarsa takan ce, "Baban Auta, ka riƙa rage ɓata yawun bakinka." Shi kuma ya ce, "Maman Auta, rijiya gare ni."

Shekarar da ya haura sittin ciwon kai ya sa shi gaba, ga jiri in ya miƙe daga kan keke. Auta ta tasa shi zuwa asibiti yana tafe yana mita. Likitar mace ce, ba za ta girmi Auta ba. Ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta duba, ta sake ɗaurawa. Ta ce jininsa ya hau sosai. Ta rubuta masa wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya.

"Baba, kada ka yi wasa da ita," in ji likitar. "In ka daina sha, jinin nan zai iya kayar da kai, ya shanye maka ɓarin jiki. Ka ji ko?"

"Na ji, 'yata. Ai ko dutse kika ce in haɗiya zan haɗiya."

Maman Auta ta karɓi aikin. Kullum da safe kafin ya fita, tana tsaye a bakin ƙofa da ƙwaya a tafin hannu da kofin ruwa. Ciwon kan ya tafi, jirin ya tafi. Sai dai ba a yi wata guda ba wani abu ya biyo baya, wanda ba wanda ya ce masa zai zo.

Ya fara tashi da safe harshensa a manne da ganɗa, kamar an shafa masa gam. Ya sha ruwa, kafin ya kai shago bakin ya sake bushewa. Burodi ya zama masa auduga, sai ya tsoma a shayi har ya narke kafin ya wuce. Miyar da Maman Auta ta shekara talatin tana yi masa ya daina jin ɗanɗanonta, ta ƙara gishiri ya ce har yanzu, ta ƙara, yaran maƙwabta da suka ci ragowar suka yi ta shan ruwa. Leɓɓansa suka tsattsage. Murya ta dishe. In ya fara labari, jimla biyu uku sai harshen ya laƙe, ka ji wani ɗan ƙas a bakinsa, ya tsaya neman kofi. Kafin ya kurɓa ya dawo, wani ya riga ya ƙarasa masa labarin, kuma ya ƙarasa ba daidai ba.

Wanda ya fi ci masa rai shi ne zaren. Zai ja shi ta leɓe, ya fito a bushe, bakinsa a tarwatse kamar tsintsiya. Ya kai kafar allura, ya lanƙwashe. Ya sake, ya sake. Ya ajiye ɗan murfi da ruwa a kan keke yana tsomawa, amma ya ce ruwa ba shi da danƙo, kafin ka kai allura zaren ya buɗe. Wata rana ya lashi yatsa ya taɓa dutsen guga yadda ya saba, ba ko ɗigon laima a yatsan, fatar ta ƙone ta yi ƙurji. Ya koma tsotsar alawa daga safe har yamma don bakin ya ɗan jiƙe, sai haƙorin ƙasa ya fara masa zogi. Rannan yana yi wa wani awo a wuya, ya matso zai ce masa ɗaga haɓa, mutumin ya kawar da fuska gefe yana riƙe numfashi. Tela ya gani. Bai sake cewa uffan ba har ya gama awon.

Benci ya fara zama wayam. Masu hira ba mugaye ba ne, amma hira suka zo nema. Mai gyaran agogo, wanda bai taɓa buɗe shago a kan lokaci ba har Tela ya laƙaba masa Latti, yakan leƙo ya ce, "Rediyo, batir ne ya yi sanyi ko tashar ce ta rufe?" Da can amsa goma zai samu. Yanzu murmushi kawai yake samu.

Da ranar komawa asibiti ta zo, likitar ta auna ta ce madalla, jini ya sauka. Ta tambaye shi, "Baba, akwai wani abu da ke damunka?"

Ya tuna layin da ya baro a waje. Akwai wanda aka turo a keken marasa lafiya, akwai wata da aka riƙo ta mutum biyu. A ce shi, da furfurarsa, ya buɗe baki ya gaya wa sa'ar 'yar cikinsa wai yawunsa ne ya ƙafe? Wannan ma ciwo ne? Ga shi kuma a daidai lokacin harshen a manne yake.

"Lafiya lau," ya ce.

Bayan haka ne ƙanwar Maman Auta ta kwanta rashin lafiya, ta tafi jinya kwana huɗu. Ta jera masa ƙwayoyin a kan faranti ta ja masa kunne. Shi kuwa ranar farko ya manta, ta biyu ya manta. A rana ta uku yana zaune a shago ya ja zare ta leɓe, sai zaren ya fito a jiƙe, siriri, ya shige allura karo ɗaya. Ya tsaya yana kallon allurar. Ya juya harshe a baki. Tela bai yi makaranta mai nisa ba, amma ba wawa ba ne. Ya gane wanda ya shanye masa rijiya.

Bai manta da gargaɗin likita ba, a nan ne abin yake. Ya san abin da ta ce zai iya faruwa. Amma wannan "zai iya" ne, ga kuma allura a hannunsa yau. Da Maman Auta ta dawo ta ci gaba da tsayuwarta a bakin ƙofa, sai ya riƙa kai hannu baki kamar ya jefa ƙwayar, alhali tana maƙale tsakanin yatsunsa, ya kora da ruwa har da ɗaga kai. Hannun da ke ɓoye ɗinki a jikin riga ba zai gaza ɓoye ƙwaya ɗaya ba. Ya kasa zubar da ita a kwata, don ya san Auta ce ke sayowa. In ya isa shago sai ya jefa ta cikin gwangwanin maɓallai. Fara ce, 'yar kewayayyiya, ta saje da maɓallan farar riga kamar uwarsu ɗaya.

Sati bai cika ba Rediyo ta dawo. Benci ya cika. Ya ci burodi a bushe don kawai ya nuna wa kansa. Ya yaba miya har Maman Auta ta ce, "Ka ga amfanin magani ko? Da jikinka ya saba ai ga shi komai ya daidaita." Ya ce, "Ƙwarai kuwa," ya sunkuyar da kai cikin kwano. Da ranar asibiti ta sake zagayowa ya ce aiki ya yi masa yawa, a bari wani watan. Ƙeyarsa ta fara yi masa nauyi da rana, ya ce zafin gari ne.

Wata huɗu ana haka. Ran wata Litinin Latti ya shigo, maɓallin wuyan rigarsa ya tsinke.

"Rediyo, ba ni fari guda ɗaya, ƙarami."

"Ga gwangwani nan, ɗauka. Ka ga mai gyaran agogon da ko rigarsa ba ta tafiya daidai."

Latti ya zuba hannu ya ɗebo, ya baza a tafinsa. Mutum ne da ya saba kallon ƙananan abubuwa. Ya ɗago ɗaya, ya sa gilashinsa na ido ɗaya, ya juya ta.

"Wannan wane irin maɓalli ne ba huji?"

"Sabon yayi ne. Mannawa ake yi."

"Sabon yayi har da tsaga a tsakiya da lamba a baya?" Ya sake tona gwangwanin. Ga wata, ga wata, ga wasu. Ya cire gilashin a hankali. Dariyar ta bar fuskarsa. "Tun yaushe?"

Tela ya ci gaba da taka keke.

"Da kai nake, malam. Tun yaushe?"

Tela ya tsayar da keken. "Latti, kai in aka ce ka sha abin da zai sa hannunka rawa, ka kasa ɗaukar ɗan ƙarfen agogo, za ka sha? Wata biyu na yi ina zaune a nan kamar gunki. Zare ya ƙi ni, abinci ya ƙi ni, mutane suna kawar da kai in na matso. Ka san mene ne mutum ya ji warin bakinsa da kansa?"

"To ka gaya wa likita mana."

"In ce mata me? Yawu? Ta bar masu mutuwa ta zo ta nema min yawu?"

"Ita baiwar Allah da ke miƙa maka ruwa kullum fa?"

Tela ya mayar da idonsa kan keke.

"Na ba ka zuwa Juma'a," in ji Latti. "Ka gaya mata da bakinka, tunda bakin ya dawo. In ba haka ba ni zan je, kuma wallahi wannan karon ba zan makara ba."

"Zan gaya mata. Bari in gama kwat ɗin nan tukuna, hankalina na kansa."

Kwat ɗin wata mata ce ta kawo, na mijinta da ya rasu. Asu ya ci shi a kafaɗar dama, wuri kamar faɗin kwabo. Ɗansu ya samu aiki, tana so ya sa shi ranar da zai fara zuwa. Tela ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ko marigayin ne ya dawo ba zai gane wurin ba.

Ran Laraba da hantsi yana tsakiyar saƙar, ya kai rabi, yana ba mutum biyu labari a kan benci, sai allurar ta suɓuce daga yatsunsa ta rataye a jikin zare. Ya kai hannu zai kamo ta, hannun ya ƙi tashi. Ya buɗe baki zai ce wani abu, maganar ta fito a dagule. Na kan benci suka fara dariya, sun ɗauka kwaikwayon wani yake yi. Sai da suka ga bakin ya karkace gefe, yawu na dalala ta kusurwar leɓe yana sauka a kan rigarsa, shi kuma ba ya iya tsayar da shi. Latti ne ya tsallako da gudu ya tare shi kafin ya kai ƙasa.

Ya yi kwana goma sha ɗaya a gadon asibiti. Ran da ya fara gane mutane sosai, Maman Auta na zaune gefensa da gwangwanin madara a cinya. Latti ya kawo mata tun ranar farko, ya faɗa mata komai yana kuka kamar shi ya yi laifin. Ta shimfiɗa ɗankwali ta juye, ta tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya daga cikin maɓallai, ta tara su gefe. Ba ta ɗaga murya ba.

Likitar ta zo ta tsaya ta dubi tarin. Ta tambayi dalili. Tela ya yi ta kokawa da harshensa, maganar ta ƙi fita, sai Maman Auta ce ta yi magana da yawunsa, ta faɗi abin da Latti ya gaya mata.

Likitar ta ja kujera ta zauna. "Baba, bushewar baki ciwo ne, kuma mun san shi. Magunguna da yawa suna jawo shi. Da ka faɗa min ranar nan, da na canza maka wani, ko na rage. Akwai cingam marar sukari da ke taso da yawu, akwai abin shafawa a baki, akwai dabarar kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Haƙorin nan ma da alawa ta ci, da ba a kai nan ba." Ta sake duban tarin ƙwayoyin. "Ni ma ya kamata in faɗa maka tun farko cewa hakan na iya faruwa."

Da ta fita, Maman Auta ta goge masa gefen baki da tsumma.

"Wata huɗu," ta ce. "Ina miƙa maka ruwa, kana kallon cikin idona kana ɗaga kai."

Ya daɗe kafin ya haɗa kalmomin. "Kunya... na ji."

"Kunyar wa? Ni? Ni da na san warin ƙafarka tun kana da gashi a ka? Duk layin nan ba wanda bai san cikinka ba, har abin da ba a tambaye ka ba faɗa kake yi. Wannan ɗaya tak da za ka faɗa ka tsira, shi ka haɗiye."

Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ta goge shi da tsumman, ta ci gaba da mayar da maɓallan cikin gwangwani.

Ƙafar ta dawo, yana tafiya da sanda. Maganar ma ta dawo, a hankali, kamar mai taka tsani. An canza masa magani, bakin bai koma kamar da ba, amma da gorar ruwa da cingam yana cin abincinsa. Hannun dama ne ya ƙi. Wata uku Auta na kai shi motsa hannu a asibiti. Yana iya riƙe kofi, yana iya riƙe cokali, amma allura ta fi ƙarfinsa.

Ran da ya yanke shawarar sakin shagon, ya ce a kai shi ya kwashe kayansa da kansa. Kwat ɗin yana nan a rataye inda Latti ya ɗaga shi, allurar na lilo a kafaɗa, rabin ramin a saƙe rabi a buɗe. Matar da ta kawo shi ta zo sau biyu ta tarar da shago a rufe, da ta ji abin da ya faru ba ta sake tambaya ba.

Ya zauna a kan benci ya ce, "Maman Auta, zauna nan. Ɗauki allurar."

"Ni? Ni da ko kalmasa ban iya ba?"

"Ɗauka. Sili ɗaya sama... ɗaya ƙasa. A'a, kin haɗa biyu. Koma."

Tun hantsi suke yi har la'asar. Yana faɗa, tana sokawa, tana warwarewa. Ta soki yatsa ta ce masa Allah ya isa, ya yi dariya da rabin baki. Latti ya kawo musu shayi ya ce bai taɓa ganin almajirar ɗinki mai zagin malaminta ba. Da aka gama, Tela ya karɓi kwat ɗin da hannun hagu ya kai shi bakin ƙofa wajen haske. Rabin da shi ya saƙa ba ka ganin komai. Rabin Maman Auta kuwa ko daga tsallaken titi za ka hango.

Aka aika wa matar ta zo. Ya miƙa mata da kansa.

"Na yi miki alkawarin ba za a ga wurin ba," ya ce, yana tsayawa yana kurɓar ruwa. "Za a gani. Nan nawa ne, nan na maiɗakina. Hannuna ya tafi, kuma ni na jawo. Ki yi haƙuri."

Matar ta shafa kafaɗar kwat ɗin da yatsa, ta ce ɗan nata ya riga ya fara aiki da wata riga, amma zai sa wannan, sanyi na tafe. Ta yi masa addu'ar samun sauƙi ta tafi.

Auta ta samo mota aka ɗora keken ɗinki da tebur. Tela ya tsaya ya ga an share shagon tas, sannan ya ba Latti makulli ya miƙa wa wanda ya ba shi hayar shagon. Ya dafa kafaɗar Maman Auta, suka bi bayan motar a ƙafa, don gidan ba nisa.